Jirgin Sura a Tafin Hannu: Sana'ar Haɗa Samfurin Jiragen Yaƙi da Tarihin Sararin Anacha

Samfurin jirgin yaƙi irin wanda ake haɗawa da hannu yakan zo a kwali guda: ƙananan sassa na roba maƙale a jikin firam, takardar bayani mai zane-zane, da wata 'yar takarda ɗauke da tambura da lambobi waɗanda ake tsomawa a ruwa kafin a liƙa. Ba shi da inji, ba ya tashi. Kama kawai ake nema daga gare shi, amma kama mai tsanani. Faɗin fiffike, tsayin jela, launin fenti da lambar gefe, duk sai sun dace da wani jirgi takamaimai da ya taɓa tashi a wata shekara, a wani fagen daga. Nan ne ya rabu da abin wasan yara, ko da yake yawancin masu yin sa tun suna yara suka fara.

Aikin duka ya rataya a kan ma'auni. Idan an rubuta 1:72 a jikin kwali, ana nufin santimita 1 a samfurin yana tsaye a madadin santimita 72 a jirgin gaske. Jirgin Jamus Junkers Ju 87, wanda aka fi sani da Stuka, faɗin fikafikansa mita 13.8 ne. A ma'aunin 1:72 zai dawo santimita 19, a 1:48 kusan 29, a 1:24 kuma ya haura 57, wanda sai an ba shi tebur nasa. Kamfanin Frog na Ingila ne ya fara sayar da irin waɗannan kwalaye na roba a 1936, a ma'aunin 1:72. Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙara kafa wannan ma'auni, domin a 1942 rundunar ruwan Amurka ta nemi ɗaliban makarantu su sassaƙa samfura 500,000 don koya wa sojoji bambance jirginsu da na abokan gaba tun daga nesa. A yau manyan masu yin kwalayen su ne Airfix a Ingila, Revell, Tamiya da Hasegawa a Jafan, Italeri a Italiya, Zvezda a Rasha, Academy a Koriya ta Kudu da Trumpeter a Sin. Duk suna zuba narkakkiyar robar polistirin a cikin ƙirar ƙarfe, kuma sanin halin wannan roba shi ne rabin sana'ar.

Dalilin sulmiyo da ka

Bam ɗin da aka saki daga jirgi mai tafiya a miƙe ba ya faɗuwa a inda aka sake shi. Yana ci gaba da gudun da jirgin ya ba shi, yana lanƙwasowa ƙasa a hankali, iska tana tura shi. Kuskure kaɗan a lissafin tsayi ko gudu kan jefa shi ɗaruruwan mitoci nesa da abin da aka nufa. Gada, jirgin ruwa ko ramin igwa sun yi ƙanƙanta ga irin wannan jifa. Maganin da aka inganta tsakanin yaƙe-yaƙen duniya biyu shi ne matuƙi ya mai da jirgin kansa abin saiti: ya kifa hancinsa, ya sulmiyo kai tsaye kan abin da yake so, yadda shirwa ke kawo sura kan 'yan tsaki, ya saki bam daga kusa, sannan ya ɗago.

Wannan dabara ta zo da matsalolinta, kuma kowace matsala ta bar alama a jikin jirgin. Shi ya sa irin wannan jirgi, wato jirgin sura, ya fi yawancin jirage daɗin haɗawa, don kusan kowane ɗan yanki da ke cikin kwalin amsa ce ga wata tambaya. Stuka, wanda Hermann Pohlmann ya tsara kuma ya fara tashi ranar 17 ga Satumba 1935, shi ne misali mafi bayyana. Yana sulmiyowa a kusurwar digiri 60 zuwa 90. Don kada gudu ya wuce kilomita 500 zuwa 600 a awa, an sa masa wasu siraran faifai a ƙarƙashin fikafikai waɗanda ke juyawa su tare iska. Su ne birkinsa. Bam ɗin da ke cikinsa zai daki farfela idan aka sake shi a tsaye, saboda haka aka ɗora shi a kan wani ƙarfe mai ƙafa biyu da ke wurgo shi waje tukuna. Lokacin ɗagowa, a wajen mita 450 daga ƙasa, nauyin jikin matuƙi yakan ninka har sau 6, jini ya bar kansa, idonsa ya rufe na ɗan lokaci. Don haka aka sa na'urar da ke ɗago jirgin da kanta da zarar bam ya fita. A gilashin gefen matuƙi akwai jajayen layuka masu nuna kusurwa, a ƙarƙashin ƙafafunsa kuma akwai taga ta hango ƙasa. Fikafikan sun karye sun yi siffar harafin W, abin da ya gajarta ƙafafun tayoyi ya ƙara musu ƙarfi, kuma tayoyin ba sa naɗewa.

Akwai kuma wani yanki da bai da aikin komai a tashi ko saiti: 'yar farfela a jikin ƙafar taya, wadda iska ke juyawa ta yi kuwwa. An yi ta ne don tsorata mutanen da ke ƙasa. A Folan a 1939 da Faransa a 1940 ba sojoji kaɗai suka ji ta ba. Ayarin masu gudun hijira a kan hanyoyi sun ji ta, garin Wieluń ya ji ta da asubahin ranar farko ta yaƙin. A ma'aunin 1:72 faɗinta bai wuce santimita 1 ba, kuma ya kamata mai liƙa ta ya san abin da yake liƙawa.

Raunin Stuka rashin gudu ne. Gudun nau'in B wajen kilomita 380 ne a awa, kuma inda abokan gaba ke da jiragen farauta sai ya zama nama. Ranar 18 ga Agusta 1940 Jamus ta rasa fiye da 15 a kudancin Ingila cikin yini ɗaya, aka janye shi daga wannan fage. Ya ci gaba da aiki a Rasha da Bahar Rum da hamadar Libiya, inda ya yi ta dukan Tobruk da Bir Hakeim. An ƙera kimanin 6,000, amma biyu kacal suka rage cikakku: ɗaya a gidan tarihin sojan saman Birtaniya a Landan, ɗaya a Chicago, wanda aka kama a Libiya a 1941. Nau'o'insa sun bambanta sosai. R yana da tankunan mai a ƙarƙashin fikafikai, D ya sauya hanci da gilashi, G kuma yana ɗauke da igwa biyu masu milimita 37 na fasa tankoki, ba shi da birkin sulmiyo ko kaɗan. Wanda ya sa wa G birki ya haɗa jirgin da bai taɓa wanzuwa ba.

Jiragen da suka shafi Afirka ta Yamma

Amurka ta yi Douglas SBD Dauntless, mai birki a bayan fiffike cike da huji, wanda ya nutsar da manyan jiragen ruwan Jafan huɗu masu ɗaukar jiragen sama a Midway a watan Yuni 1942. Jafan ta yi Aichi D3A, wanda ya kai hari Pearl Harbor. Amma jirgin sura da ya fi kusa da tarihin Hausawa shi ne wanda aka fi mantawa da shi, Vultee Vengeance, ƙirar Amurka da sojan saman Birtaniya da na Indiya suka yi aiki da shi a Bama a 1943 da 1944. A farkon 1944, lokacin da yake dukan ramukan Jafanawa a yankin Arakan, runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma tana cikin kwarin Kaladan a wannan fage, da sojoji daga Arewacin Najeriya a cikinta, da Hausa a matsayin harshen bariki. Runduna ta 82 ta biyo baya a ƙarshen shekarar. Sunayen yaƙin suna nan a barikin Kalapanzin na Kaduna da barikin Chindit na Zariya, kuma lambar 82 ita ce rundunar sojan Najeriya mai hedikwata a Inugu ke ɗauke da ita har yau. A 1944 ɗin ma an kawo wasu jiragen Vengeance Takoradi, a Gana ta yanzu, don gwajin feshin maganin sauro. Special Hobby na yin kwalinsa a 1:72, Dora Wings kuma a 1:48.

Takoradi ɗin nan tana da wani tarihi da zai yi wa mai haɗa samfuri daɗin ji. Daga Satumba 1940 ana kawo jiragen Hurricane da Blenheim ta ruwa a cikin akwatunan katako, gunduwa-gunduwa, a ɗaure su a can, su tashi ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy da Khartoum zuwa Masar. Jirage sama da 5,000 sun bi wannan hanya kafin ƙarshen 1943, kuma filin jirgin Kano na cikin manyan zangunanta.

Sararin Anacha, Inugu da Fatakwal

Upper Iweka mahaɗa ce a garin Anacha. Nan babbar hanyar Inugu, wadda ta zarce zuwa gadar Kwara da Asaba, ta gamu da hanyar Owerri, nan kuma tashoshin manyan motocin safa suke, masu zuwa Legas da Abuja da garuruwan Arewa. 'Yan Arewa da ke neman abinci a kewayenta, masu albasa da tumatir, masu shayi, 'yan dako, masu gyaran takalma, suna zaune ne a bakin hanyar da ta taɓa zama ɗaya daga cikin filayen jirgi mafi cunkoso a Afirka. Wanda ya hau mota ya bi hanyar Owerri ya wuce Oba da Okija da Ihiala zai isa Uli, inda a lokacin yaƙin basasa aka faɗaɗa wani miƙaƙƙen yanki na titin ya zama wurin saukar jirage.

Yaƙin, tsakanin gwamnatin tarayya da Biyafara, wanda aka fara ranar 6 ga Yuli 1967 aka gama a Janairu 1970, ya biyo bayan kashe-kashen 1966 da suka kori Inyamurai daga garuruwan Arewa, suka kuma tilasta wa 'yan Arewa barin Gabas. Babu ɓangaren da ya mallaki jirgin sura na gaske. Sojan saman Najeriya, da aka kafa a 1964, jariri ne a lokacin. A watan Agusta 1967 aka fara sauke masa jiragen MiG-17 ƙirar Sobiyet a Kano, ya samu L-29 Delfin daga Cekoslobakiya, daga baya kuma Il-28, waɗanda matuƙa 'yan Masar suka tuƙa. Biyafara ta fara da tsohon B-26 Invader da Jan Zumbach, ɗan Folan da ya yi suna a yaƙin sararin Ingila, ya kawo Inugu. An zana masa baki mai haƙora a hanci, an loda masa bama-bamai ƙirar gida, ya kai hari Makurdi da Kano. Sojojin tarayya sun same shi a filin jirgin Inugu bayan garin ya faɗi a farkon Oktoba 1967.

A watan nan ne runduna ta 2 ta Kanar Murtala Muhammed ta yi ta ƙoƙarin ƙetare Kwara daga Asaba da jiragen ruwa, tunda an karya gadar da aka gama a 1965, kuma ta yi asarar mutane masu yawa. Sai a Maris 1968 ta shiga Anacha ta tudu. Fatakwal ta faɗa hannun Kanar Benjamin Adekunle a Mayu 1968, daga nan Uli ta zama ƙofar Biyafara. Jiragen agaji na majami'u daga tsibirin Sao Tome da na Red Cross suna sauka da dare, a kunna fitilun titi na 'yan daƙiƙu a kashe. Na majami'un kaɗai sun yi sawu sama da 5,000, sun kai kimanin tan 60,000 na abinci da magani.

Matsalar da ta haifar da jirgin sura ta bayyana a wannan yaƙi a mummunar siffarta. Bam da aka saki daga sama a miƙe, a hannun matuƙin da bai san ƙasar ba, ya sha faɗawa kan kasuwanni da asibitoci a Aba da Umuahia da ƙauyukan kewaye. Ganin haka ne ya sa Carl Gustaf von Rosen, ɗan Suwidin da ke tuƙa jirgin agaji, ya nemo ƙananan jiragen koyon tuƙi guda 5 ƙirar MFI-9B daga Malmö. Inji mai ƙarfin doki 100, kujera biyu, faɗin fiffike mita 7.43. An kai su Gabon a akwatuna, aka haɗa, aka shafe su da fentin mota kore iri biyu, aka rataya wa kowanne roka 12 masu milimita 68. Suna bin saman itatuwa don kada a hango su. Ranar 22 ga Mayu 1969 suka daki filin jirgin Fatakwal, ranar 24 Benin, ranar 26 Inugu, ranar 28 tashar lantarki ta Ughelli, suka lalata jiragen tarayya da dama a ƙasa. A ƙarshen shekarar Biyafara ta ƙara samun 'yan jiragen T-6 da ke tashi daga Uga.

Ga mai haɗa samfuri a Anacha akwai wata dama a kusa da gida. Wanda ke son ganin Stuka da idonsa sai ya je Landan ko Chicago. Amma Gidan Tarihin Yaƙi na Ƙasa da ke Umuahia, wanda aka kafa a 1985, yana da MiG-17 da Il-28 da ɗaya daga cikin ƙananan jiragen nan a fili, tafiyar 'yan awoyi daga Upper Iweka. Ana iya zagaya su, a ɗauki hoto, a duba yadda ƙusoshi suka jeru. Abin lura ɗaya: jirgin da ya daɗe a rana da ruwan sama an sake masa fenti ko ya koɗe, don haka siffa ake ɗauka daga gare shi, launi kuwa daga hotunan lokacin yaƙi.

Kayan aiki da haɗawa

Kwalin kansa daga waje yake zuwa, ta odar intanet ko ta hannun matafiyi. Sauran kayan kuwa garin kasuwa irin Anacha ba ya rasa su: reza ko wuƙar tiyata, 'yar filaya mai yanka, hantsaki, sanfefa mai laushi irin ta masu fentin mota daga lamba 400 zuwa 1200, buroshi ƙanana, salatif na takarda, tsinken sakace da maƙalan shanya. Gam ne ke buƙatar sani. Gam ɗin polistirin ba liƙewa yake yi ba, narkar da fuskokin biyu yake yi su zama abu ɗaya, don haka ɗigo kaɗan ya isa, kuma yatsan da ya taɓa shi ya taɓa fiffike ya bar zanensa har abada. Sufa gulu na aiki a kan ƙarfe da ƙananan abubuwa, amma tururinsa yana sa gilashi ya yi fari. Gilashin matuƙi da farin gam na kafinta ake liƙa shi, wanda ke bushewa garau.

Ana fara wanke firam da ruwan ɗumi da sabulu don cire maiƙon masana'anta. Ba a murɗe yanki daga firam. Yanka shi ake yi nesa kaɗan, a rage saura da reza. Kafin gam ya taɓa komai sai an gwada sassan a bushe an ga inda suka ƙi zama.

Ɗakin matuƙi ne farko, domin da zarar an haɗa ɓari biyu na gangar jiki hannu ba ya sake shiga. A Stuka na farkon yaƙi launin ciki toka-toka ne mai ratsin kore, wanda Jamusawa suka ba lamba RLM 02; na baya sun koma baƙin toka, RLM 66. Mutum biyu ke ciki, matuƙi da mai rediyo da ke kallon baya riƙe da bindiga. Kwalaye da yawa na zuwa da 'yan mutum-mutumi. Wanda ba ya son siffar mai rai yana iya barin su ya yi wa kujerun bel da siririn salatif, kuma ƙwararru ma haka suka fi yi don a ga kayan ciki.

Bayan an rufe gangar jiki sai aikin da ke raba mai haƙuri da mai gaggawa, wato ɓatar da layin haɗi. Yawancin jiragen gaske ba su da tsaga daga hanci zuwa jela. Ana cike ta da ɗan foti, a bari ya bushe, a goge da sanfefa da ruwa, a duba a haske, a sake. Inda gugar ta share layukan faifan jiki sai a maido su da bakin allura. Fikafikan Stuka kuma sai an dube su ta gaba, ido a daidai hanci, a tabbatar karyewar dama da ta hagu sun yi daidai, tayoyin sun tsaya a miƙe. Karkata ta milimita 1 a 1:72 karkatar santimita 7 ce a jirgin gaske, kuma ido yana kama ta ko bai san dalili ba. Birki, ƙarfen bam, eriya, bindiga da farfela ana ajiye su sai ƙarshe. Wayar eriya daga ragowar firam ake samun ta: a gasa shi a kan kyandir har ya yi laushi, a ja hannu biyu, ya zama zare.

Fenti, yanayi da tambari

Stuka na Turai yana da kore biyu masu duhu, RLM 70 da 71, a yanka-yanka masu kaifin baki, cikinsa shuɗi mai haske. Salatif ke fitar da wannan kaifi: a shafa mai haske, a rufe, a shafa mai duhu. Na hamada an shafe shi da launin rairayi, da farin zobe a gangar jiki. Na fagen Rasha zobensa rawaya ne. Vengeance na Bama kore ne da ruwan ƙasa, tambarinsa shuɗi biyu babu ja, don kada a ɗauke shi jirgin Jafan. Saboda wannan dalili ne Amurka ta cire jan ɗigo daga tsakiyar tauraronta a Mayu 1942, don haka Dauntless na Midway bai kamata ya fito da shi ba.

Na'urar feshi tana ba da fuska mafi santsi, amma tana son wuta da kwamfaresa. Buroshi ya isa idan an tsinka fentin an shafa sau uku siriri maimakon sau ɗaya mai kauri. Fentin akirilik da ruwa ake tsinka shi, ba ya wari sosai, kuma shi ya fi dacewa da ɗakin haya. Tinar masu fentin mota tana cin polistirin; wanda zai yi amfani da fentin gwangwani na mota sai ya fara sa shimfiɗa, ya fesa daga nesa, a waje.

Littattafan sana'ar an rubuta su ne don ƙasashen sanyi, kuma yanayin bakin Kwara yana da nasa hukunci. Damina a nan doguwa ce, daga wajen Afrilu zuwa Oktoba. A ranar laima fentin feshi kan yi fari dusu-dusu, fentin mai kuma ya kwana biyu yana danƙo. Takardar tambura tana shan laima ta manne ko ta yi fumfuna, don haka a leda mai rufewa ake ajiye ta tare da 'yan ƙunshin busar da danshi da ake samu a kwalin takalma. Hunturu ya fi kyau ga bushewa amma ƙura ke biyo shi, sai a kifa roba mai tsabta a kan aikin da zarar an ajiye buroshi.

Kafin tambura ana shafa ruwan ƙyalli, domin a kan fenti mai kaushi iska na maƙalewa a ƙarƙashinsu su yi farin gefe. A tsoma tambari daƙiƙu kaɗan, a zame shi daga takarda zuwa wurinsa, a danna da auduga. Sannan a rufe komai da ruwan da ke kashe ƙyalli. Tsufar jirgi, wato baƙin hayaƙi a bayan salansa, ƙurjewar fenti inda matuƙi ke taka fiffike, ƙurar taya, ana yin ta da garin fensir da alli, kuma yawancin masu farawa sukan zarce. Hoto ne alƙali.

Tambari ba fenti ne kawai ba. Dokar Jamus ta hana nuna alamar 'yan Nazi, shi ya sa kwalayen Stuka da yawa ke zuwa babu ita, mai haɗawa ya yanke wa kansa hukunci. A Anacha tambayar ta fi kusa da gida. Kore-fari-kore na jiragen tarayya da rabin rana na Biyafara suna da masu tuna su da rai, a ɓangarorin biyu, kuma maganar ba ta mutu a titunan garin ba. Mai hankali ba ya ɗora irin wannan samfuri a gaban shago don ado. Inda ya dace da shi shi ne aji, ɗakin karatu ko baje kolin tarihi, jiragen ɓangarorin biyu a jere da na agaji, kowanne da kati mai faɗin nau'insa, shekararsa, inda ya tashi da abin da ya aikata.

Idan babu kwali

MiG-17, Il-28, L-29, T-6 da B-26 duk suna da kwalaye, sai dai a nemi tamburan Najeriya daban ko a zana su. MFI-9B kuwa da wuya ake samun sa, kuma shi ya fi sauƙin ƙerawa daga tushe, tunda jikinsa kusan akwati ne mai miƙaƙƙun gefuna. A 1:48 faɗinsa santimita 15 da rabi ne. Duk robar da ke da lamba 6 a cikin alwatika polistirin ce, gam ɗin samfuri zai kama ta: wasu kofunan yogot, cokulan roba, da akwatunan faifan CD, waɗanda titin Iweka, tsohuwar cibiyar dillancin finafinai, ya san su sarai. Fiffike ana iya sassaƙa shi daga obeche, katako marar nauyi na dazuzzukan kudancin Najeriya da masu samfuri a Turai suka daɗe suna saye. Gilashi kuma, a sassaƙa siffarsa a katako, a gasa fallen robar kwalin magani, a danna a kai. Hannun da ya saba yin motar kara da ta gwangwani ya riga ya iya yanka da lanƙwasa. Abin da zai ƙara shi ne zane mai fuska uku, gaba da gefe da sama, da rula, da raba kowane awo da 48.

Samfurin da aka gama yana tsoron abu uku: ƙura, zafi da hannu. Akwatin gilashi ko na roba garau yana maganin na farko da na ƙarshe. Rana kai tsaye tana sa tambura su yi rawaya, mota rufaffiya da tsakar rana kuma tana iya lanƙwasa fiffike. Idan za a yi tafiya da shi a safa, a kifa shi a kan soso da aka yanke daidai gangar jiki, tayoyi a sama ba su taɓa komai ba, farfela da eriya kuma a ƙunshe su daban, shi ya sa tun farko ake soka su kawai ba tare da gam ba.